Jan Ƙwaro da Ciyawar Teku a Ɗaki Ɗaya

Cibiyar binciken tana bakin teku, bayan tashar manyan motoci. Gini ne mai hawa biyu wanda iskar gishiri ta ɓare masa fenti. A hawan ƙasa akwai ɗakuna biyu masu na'urar sanyi, suna kallon juna, doguwar baranda ta raba su. Na dama na wani malami ne da ma'aikata ke kira Sarkin Ƙwari. Na hagu na matarsa ne, ita kuma Uwar Ruwa suke ce mata. A wannan barandar suka fara gaisawa suna sababbin ma'aikata, ga shi har furfura ta fara leƙo musu ba su bar ta ba.

Abin da Sarkin Ƙwari yake kiwo wani jan ƙwaro ne da bai kai ƙwayar wake ba, mai ƙoƙon baya da ɗige-ɗige baƙaƙe. Abincinsa darɓa, ƙananan ƙwarin nan da ke taruwa a bayan ganye suna tsotse shuka har ta yanƙwane. A da lambunan kan tsaunuka, inda ake sanyi, cike suke da shi. Da feshi ya yawaita, magani ya kashe darɓar da mai cin ta. Darɓa ta dawo, jan ƙwaro bai dawo ba. Malamin ya sha hawa tsaunukan yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara ganin ko guda ba. Iyakar saninsa, waɗanda ke cikin kejinsa su ne suka rage. Manoman wani ƙauye sun yarda su ajiye feshi idan ruwa ya sauka, ya kai ƙwarin a sake su a lambunansu. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙe su da rai zuwa lokacin.

Riƙon ba ƙaramin aiki ba ne. Sai ya shuka wake a tukwanen roba. In tsiron ya yi ganye, ya ɗora masa darɓa da ɗan burushi mai laushi. In darɓar ta yawaita, ya yanko ganyen ya saka a keji. Wake ya gaza, darɓa ta gaza. Darɓa ta gaza, ƙwaro ya wuni da yunwa. Ko ranar hutu ce sai ya leƙo.

Ita kuwa ciyawar teku take reno, wata koriya shar, falle-falle, siririya har kana hango yatsanka ta bayanta. Daga duwatsun can cikin ruwa mai sanyi ta ɗebo ta. Ta yi shekaru tana ware wadda ta fi saurin girma tana zubar da saura, da fatan wata rana a riƙa yin abincin dabbobi da ita. Ciyawar tana cikin manyan tankunan gilashi, wani ɗan inji yana hura musu iska, kumfa na tashi ba hutawa.

Da rana sukan zauna a kan bencin baranda su ci abin da suka zo da shi daga gida, kuma da wuya su tashi ba su taɓa juna ba.

"Malam, ni fa har yau ban ga abin da ka gani a jikin ɗan nan naka ba," in ji ta. "Sai an yi masa noma, an yi masa kiwo, sannan a kai masa abinci har ɗaki. Ko Inna da ta haife ka ba ta samun wannan gatan."

"Taki fa? Ba ido, ba ƙafa, ba gaba ba baya. Ki yaga ta biyu, kowane ɓari ya ci gaba da harkarsa kamar ba a yi komai ba. Wannan ai ba ta da zuciya."

"Ba ta da rigima dai. Ruwa, haske, sanyi, shi ke nan."

"Nawa ma sanyi yake so."

"To, ko ba komai sun yi tarayya a nan."

Wata safiya, ana tsakiyar zafi, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona na'urar sanyin ɗakinta. Mai gyara ya zo ya buɗe, ya shinshina, ya mayar da murfin.

"Hajiya, sai haƙuri," ya ce. "Wannan ta riga mu gidan gaskiya."

Darakta ya kira su ofishinsa a sama. Ya cire tabarau ya murza idanu kafin ya yi magana.

"Sabuwar na'ura ba bana ba. Na buga waya har kunnena ya yi zafi, an ce in jira. Ɗakin sanyi ɗaya ya rage mana. Ɗayanku zai haƙura."

Uwar Ruwa ce ta fara. "Ranka ya daɗe, a bar masa. Tawa akwai danginta a teku. Nasa babu su ko'ina."

"Ranka ya daɗe, kawaici take yi," in ji mijin. "Wadda ke teku ba ita ce tata ba. Wannan tace ta aka yi, aikin rabin rayuwarta ne. In ta mutu, daga farko za ta koma."

Darakta ya dube shi, ya dube ta. "Ikon Allah. Wasu su shigo nan suna faɗa a kan kujera, ku kun zo kowa yana tura wa ɗan'uwansa ɗaki. Ku da kuke gida ɗaya, ku je ku daidaita, ku faɗa mini."

A kan matakala Sarkin Ƙwari ya tsaya, ya soma jera bukatun ƙwaro da na ciyawa gefe da gefe yadda ya saba yi wa ɗalibai. Sanyin da ƙwaro yake so, kusan shi ciyawa take so. Hasken da ake kunna wa wake, shi zai ishi tanki. Ƙwaro ba ya cin ciyawar teku. Ciyawa ba ta fita daga ruwa.

"Me zai hana su zauna tare?" ya ce.

"Ruwan fa?"

"Ruwa yana cikin gilashi. Mu rataya leda a tsakani, kowa ya tsaya a gefensa."

Ta duba, ba ta ga inda lissafin ya karkace ba. Shi tun da ya fara aiki ɗakinsa a bushe yake, ma'aunin zafi kaɗai ya saba kallo a bango, bai taɓa samun dalilin tunanin danshi ba. Ita kuma ta daɗe a cikin danshi har ta daina jin sa.

Kafin la'asar direban cibiyar da maigadi sun taya su shigar da tankunan. Aka ɗaure igiya daga taga zuwa ƙofa, aka rataya leda mai kauri. Direba ya goge gumi ya ce, "To, an yi wa amarya jere. Allah ya ba da zaman lafiya." Kowa ya yi dariya.

Kwanakin farko komai lafiya. Ciyawar ma kamar ta fi jin daɗin sabon wuri, ta buɗe ta cika tanki har sai da aka rage ta. Uwar Ruwa takan ɗaga falle ɗaya a haske ta kira mijinta ya zo ya gani.

Shi ne ya fara lura. Yakan riga ta shiga ɗakin, domin ita sai ta tsaya ta karɓi ruwan teku daga hannun direba. Ya ga raɓa tana gangarowa a jikin ledar. Ya ga madubin da yake duba ƙwari da shi ya yi hazo. Ya shafa ragar keji ya ji wani gari-gari a yatsa, ya ɗanɗana, gishiri ne. Kumfar da ke fashewa a saman tanki tana watsa ruwa ƙanana-ƙanana, iskar na'ura tana ɗaukarsu ta saman ledar. Bakin ganyen wake ya fara ƙonewa kamar an gifta masa wuta.

Ya ɗauki tsumma ya goge ledar, ya goge ragar, ya tsinke ganyen da suka ƙone ya tura ƙasan kwandon shara. Da ta shigo ta ce, "Yaya mutanenka?" ya ce, "Suna gaishe ki."

Bayan 'yan kwanaki ya tarar da ƙwaro ɗaya a maƙale a saman raga, ba ya motsi. Ya taɓa shi da burushi, ya faɗo. Daga gaɓoɓin ƙafafunsa da tsagin bayansa wani farin abu ya fito kamar auduga. Fumfuna ce, irin wadda ke shiga jikin ƙwaro ta cinye shi daga ciki, kuma danshi take jira. Ya san ta a littafi, bai taɓa ganinta a ɗakinsa ba. Ya naɗe gawar a takarda ya sa a aljihu. Washegari ya naɗe wasu. Ya ƙara tsawon ledar, ya ce mata don haske ne. Ya gaya wa kansa cewa ruwa ya kusa sauka, in ya rage asarar da rabi ma za su kai lokacin saki.

A gida mahaifiyarsa, wadda take zaune tare da su, ita ta fara magana. Suna cin abincin yamma ta ga ya tura kwanonsa gefe.

"Babana, ko ciwo kake?"

"Lafiya lau, Inna. Zafi ne."

"Zafin nan ni ma ina cikinsa, ga shi na cinye nawa." Ta juya wajen surukarta. "'Yar nan, me kika yi masa a wurin aikin? Tun da kuka haɗa ɗaki ya koma kamar wanda aka aiko wa sammaci."

"Wallahi, Inna, ni ma tambayarsa nake. Ya ce ba komai."

"Ba komai ɗin nan ne ya kashe ubansa," in ji tsohuwar, ta jawo kwanon ta rufe.

Ranar hutu Uwar Ruwa ta tara kayan wanki. Tana zazzage aljihun farar rigarsa ta aiki sai wasu ƙullin takarda suka zubo. Ta buɗe ɗaya. Jan bayan ya dushe, farin abu ya rufe ɗigon. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku. Ta zauna a bakin baho, hannunta duk kumfar sabulu, har ruwan ya cika ya fara zuba ba ta sani ba.

Ta same shi a ɗaki yana saka takalmi zai tafi cibiyar. Ta ajiye takardun a kan gado.

"Tun yaushe?"

Bai ɗago ba. "An ɗan kwana biyu."

"Saura nawa?"

"Akwai saura."

"Malam, ba Darakta ba ne yake tambayarka, ni ce."

Ya saki igiyar takalmin. "Ba su kai rabin rabi ba. Darɓar ma ta kama."

"Kana gani ina ɗaga ciyawa ina kiranka ka zo ka yaba? Kana tsaye kana cewa masha Allah, gawa na aljihunka?"

"In na faɗa miki na san abin da za ki yi."

"To, shi ya kamata a yi tun ranar farko!"

"Ki saurara. Za mu rage ƙarfin injin, mu rufe tankunan da gilashi..."

"In na rufe su ta shaƙe. In na rage iska ta ruɓe a ƙasa, ɗakin ya fi haka jiƙewa. Na fi ka sanin halinta." Ta ɗauki mayafinta. "Tashi mu je."

Babu direba ranar, sai maigadi. Su uku suka rage ruwan tankunan da bokiti, suka tura su waje ɗaya bayan ɗaya zuwa inuwar baranda. A tanki na ƙarshe mijin ya dafa ƙofa ya tare hanya.

"Ki bar ko wannan."

"Ɗaya ma ruwa ne. Matsa."

Ta yi iya ƙoƙarinta a barandar. Ta jiƙa buhuna ta lulluɓe gilashin. Ta aiki maigadi ya sayo ƙanƙara, ta ɗaure a leda ta jefa a ciki. Ƙanƙarar takan narke kafin ta juya. Ta ɗebi 'yan fallaye a kwalba ta kai firijin ofis a sama, amma firijin yana kan layin da ake ɗauke wa wuta da rana. Washegari koren ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Rana ta gaba ya yi fari, in ta ɗaga falle sai ya narke a yatsunta kamar takardar da ta kwana a ruwa. Wari ya hau har ofishin Darakta. Ita da kanta ta kwashe, ba ta yarda kowa ya taya ta ba, ta haƙa rami a bayan gini ta binne. Da ta dawo ta wanke hannu har gwiwa, ta sake riga, ta shiga ɗakin mijinta ta ce, "Nuna mini abin da zan yi."

Suka cire ledar suka ƙone. Suka wanke bango da kejuna da ruwan magani, suka bar na'ura ta busar da ɗakin. Ƙwarin da suka rage ya sa kowane a kwalbarsa, sai ma'aurata 'yan kaɗan da ya bari tare. Tukwanen wake duka aka zubar, domin darɓar da ke kansu ta kumbura ta mutu a maƙale da ganye. Ya shuka sabon wake. Amma wake ba ya haifar da darɓa, sai an samo iri an ɗora. Kafin nan ya riƙa ba manyan ƙwarin ruwan zuma a jikin auduga, abin da zai riƙe su na ɗan lokaci.

Fumfunar ta riga ta shiga jikinsu. Kowace safiya sai a ɗauke kwalba ɗaya ko biyu daga kan teburi. Uwar Ruwa ta koyi gane wanda zai tafi: yakan daina cin abinci, ya hau can saman kwalbar ya tsaya. Teburin ya yi ta zama wayam.

Mace ta ƙarshe, kafin ta hau saman kwalbarta, ta bar musu ƙwai a bayan wani busasshen ganye, 'yan rawaya a tsaye a jere, gungu ɗaya. Sarkin Ƙwari ya yanke wurin da almakashi, ya mayar da shi cikin sabon faranti mai murfi. Ita ta riƙe masa farantin.

"Kwana nawa kafin su ƙyanƙyashe?"

"Kaɗan. Kuma tsutsar ba ta shan zuma. Darɓa take ci, mai rai."

Suka shiga gari neman abin da kowane mai lambu yake tsine wa. Suka fara da masu sayar da furanni a bakin babban titi. Wani dattijo mai tiyo a hannu ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce, "Alhaji, ɓata mini suna za ka yi? Jiya-jiyan nan na yi feshi. Ka duba, in ka samu ɗaya na ba ka tukunyar kyauta." Suka duba, ba su samu ba. Suka je lambun wani otal, mai kula da wurin ya nuna musu jarkar magani yana alfahari. Suka bi bayan makarantu da gefen magudanai. Zafi ya ƙone ciyayi, abin da ya rage kore kuwa wani ne yake ba shi ruwa, kuma mai ba da ruwa shi ne mai feshi. Ya buga wa manoman tsauni waya, suka ce ba su daɗe da feshin ƙarshe ba, lambu fes yake, sai dai bayan ruwa.

Ƙwan suka yi duhu, suka fashe. Tsutsotsi baƙaƙe, ƙanana kamar ɗigon alƙalami, suka taru a kan ɓawon suna ci. Matar ta sunkuya tana kallo ta madubi.

"In sun gama da ɓawon fa?"

Ya jawo kujera ya zauna. Ya yi mata bayani a hankali, da muryar da yake koyarwa da ita. A ƙa'ida, da sun fara watsewa ake raba su, kowace da kwalbarta da abincinta, domin in yunwa ta kama su junansu suke ci. In ya raba su yanzu babu darɓa, duka za su mutu kafin jibi. In ya bar su tare, manya za su ci ƙanana, wasu su ƙara kwanaki.

"Wanne za ka yi?"

Ya daɗe yana kallon burushin da ke hannunsa. Sannan ya ajiye shi, ya mayar da murfin farantin.

"Ni zan zauna da su," ya ce. "Ke ki ci gaba da nema. Kin gane darɓar yanzu?"

"Na gane ta."

Ba ta gane ta sosai ba. Ranar farko ta dawo da wasu fararen ƙwari masu gari a jiki, ya duba ya ce ba su ba ne, ya yi mata godiya. Rana ta biyu ta dawo hannu wofi, ƙafafunta sun kumbura. Ba ta tambaye shi saura nawa ba, shi ma bai faɗa ba. Ta dai ga ya juya farantin ta yadda ba za ta gani daga ƙofa ba.

Rana ta uku ta bi ta bayan tashar manyan motoci, nan kusa da cibiyar, inda makanikai ke wanke hannu a wani famfo mai yoyo. Wasu ciyayi sun tsiro a cikin laka da baƙin mai. Ta tattare zaninta ta durƙusa tana juya ganye.

"Hajiya, ɗan kunne ne ya faɗi?" in ji wani makanike daga ƙarƙashin mota.

"Ƙwari nake nema."

"Ƙwari? Ki shiga ɗakin da muke kwana, ki zo da buhu."

Abokan aikinsa suka fashe da dariya. Ba ta ɗago ba. A kan wani tsiro mai laushi, can kusa da bakin famfon, ta ga tururuwa suna hawa suna sauka. Ta bi su da ido zuwa ƙarƙashin ganye. Ga su nan, kore-kore, a cunkushe, wasu da 'ya'yansu a gefe.

"Bawan Allah, ara mini wuƙa."

Makaniken ya fito, ya ga fuskarta, dariyar ta tsaya. Shi ya yanko mata tsiron, ya kawo gwangwani mai tsabta ya saka a ciki.

Ta shiga ɗakin tana haki. Mijin ya karɓa, ya duba ta madubi, ya gyaɗa kai. Ya ɗora wasu a kan sabon wake, sannan ya buɗe farantin. Tsutsa biyu ne a ciki, sun yi ƙiba, kowace a gefenta. Sauran sai ɓawon fata a warwatse.

Ya raba su, ya ba kowace ganyenta. Suka kama ci nan take.

"Biyu," in ji ta. "In mace da namiji ne?"

"Ba a ganewa sai sun zama ƙwari. In mace da namiji ne, wa da ƙanwa ne, irin zai yi rauni. Amma iri ne."

Suka koma ga aikin da ya saba, yanzu su biyu. Ita take shuka waken, shi yake yanko ganye. Darakta ya leƙo sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi kejunan da babu komai a ciki da tankunan da aka kife a baranda. Ya ce, "Allah ya taimaka," ya hau sama. A gida Inna ta daina tambaya, sai dai takan zuba musu abinci ta zauna a tsakaninsu har sai sun ci.

Tsutsotsin suka girma, suka saɓe fata, suka sake saɓewa. Daga nan kowace ta manne wutsiyarta a jikin ganye, ta dunƙule ta daina motsi. Ya ce mata haka suke yi, a cikin wannan kwanson ne tsutsa take zama ƙwaro, babu abin da za a yi musu sai jira.

Wata safiya suna shigowa suka tarar kwanso ɗaya ya tsage. A gefensa ga sabon ƙwaro, rawaya fat, jikinsa da taushi, babu ɗigo ko ɗaya. Suka jawo kujeru. A hankali launin ya riƙa nuna, ɗige-ɗigen suka fito kamar ana diga su daga ciki, har zuwa azahar bayansa ya yi ja. Ya juya shi a ƙarƙashin madubi.

"Mace ce," ya ce.

Suka mayar da ido kan ɗaya kwalbar. Suka jira wunin ranar, da washegari, da wadda ta biyo. Kwanson bai tsage ba. Launinsa ya yi duhu, gefensa ya lotsa.

A rana ta huɗu ya buɗe kwalbar ya taɓa shi da bakin burushi. Mai rai yakan ɗaga jiki in an taɓa shi. Wannan ya ɓalle daga ganyen, ya gangara ƙasan kwalbar ba nauyi.

Na'urar sanyi tana ta ƙugi a bango. A ɗaya kwalbar macen ta gama da darɓar da ke kan ganyenta, tana zagaya gilashin tana laluba.

"Za ta yi ƙwai?" in ji matar.

"Za ta iya yi. Ba za su ƙyanƙyashe ba."

"Har yaushe za ta rayu?"

"Wata biyu, ko uku, in an kula da ita."

Ya cire tabaransa ya riƙe a hannu, bai goge ba, bai mayar ba. Uwar Ruwa ta dube shi, ta dubi kwalbar. Ta miƙe ta ɗauki almakashi daga gabansa, ta zaɓi ganyen da ya fi darɓa ta yanko, ta buɗe murfin a hankali don kada macen ta tashi.